Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da na tsaya gaban majistare ba lauya

A makon jiya mun tsaya ne a inda mutumin nan ya daina ɗaukar wayata. Ga wanda bai samu karantawa ba, albasar Aliero ce na ba shi bashi a kasuwar Mile 12 da ke Legas, lodi uku, kuɗinta naira dubu 640. Shi mai kai wa gidajen abinci kaya ne, kuma mun shekara huɗu muna hulɗa ba a taɓa jin kanmu ba. Ban rubuta masa takarda ba, bai sa hannu a komai ba. Mu haka muka tarar ana ciniki: a tafa, a ce Allah ya kai mu Juma'a.

Manyan kasuwa sun kira shi sau biyu. Ya zo sau ɗaya, ya durƙusa, ya yi alkawari, daga nan ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Ba ɗan kasuwarmu ba ne, ba shi da rumfar da za a rufe masa. Na je wajen wani lauya, ya ce in ajiye dubu 150 kafin ya buɗe fayil. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na dawo Agege na ce na bar shi da Allah, amma gaskiya zuciyata ba ta bari ba, don rabin kuɗin na mutanen gida ne da suka aiko mini kaya bisa amana.

Ɗan yayana da ke karatu a Yaba ne ya same ni ina juya tuwo a kwano ban ci ba. Ya ce, "Baffa, ai akwai kotun da ba sai da lauya ba." Na ce yaro, a Legas? Ya buɗe wayarsa yana karantawa yana fassara mini. Ashe a 2018 Babbar Alƙaliyar jihar ta lokacin, Mai Shari'a Opeyemi Oke, ta buɗe kotun ƙananan basussuka a cikin kotunan majistare. Duk bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba ana iya kai shi, mutum ya tsaya da kansa, kuma ƙa'ida ta ce a gama shari'ar cikin kwana 60. Matakin farko shi ne a aika wa mutum takardar neman biya, a ba shi kwana 14. In ya yi kunnen uwar shegu, sai a cika takardar ƙara a yanko masa sammaci.

A nan bari in ɗan ratse. Mu tsayawa gaban alƙali ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ina yaro na raka mahaifina kotun alƙali kan iyakar gona. Shi ya yi bayaninsa da bakinsa, da Hausa, alƙali ya ce mai ƙara ya kawo shaida, wanda ya musa ya yi rantsuwa. Babu wanda ya nemi lauya. To me ya sa a Legas dattijo mai jujjuya miliyoyi a kasuwa yake rawar jiki in an ambaci kotu? Turanci ne da takarda. Mutum yana da gaskiya cike da ciki, amma ba shi da bakin fitar da ita. Daga baya ma na ji cewa tun 2000 jihar tana da ofishin lauyoyi masu tsaya wa talaka kyauta, babban ofishinsu a Surulere, ga kuma cibiyoyin sasanci. Shekarata 17 a garin ban taɓa ji ba. Da za a riƙa faɗin wannan da Hausa bayan sallar Juma'a a Agege da Idi-Araba da Obalende, da an huta da asara mai yawa.

Takardun ba su da wuya ga wanda ya iya karatun boko. Yaron nan ya cika su kafin shayina ya huce, duk da wasu masu rataye da jaka sun tare mu a bakin ƙofa suna cewa sai ta hannunsu. Inda muka cije shi ne adireshi. Sammaci sai an kai wa mutum, ni kuwa lambar wayarsa kawai na sani da "Oga" da muke kiransa. Kwana tara muna nema, sai wani ɗan acaba ɗan garinmu ya tuna ya taɓa kai masa buhu biyu wani layi a Ketu. Shi ya raka ma'aikacin kotu har ƙofar gidan.

Ranar zama, a farkon 2019, na sa babbar rigata ta Sallah. Sai ga mutumina ya shigo da lauya a bayansa, baƙar kwat, takardu cike da hannu. Cikina ya ɗuri ruwa. Da aka kira mu na fara da ɗan Turancin kasuwa, na ji kalmomin suna watsewa kamar an kwance bakin buhu. Majistare ta dube ni ta saman tabarau ta tambayi wane yare nake ji. Yaron ya riga ya gaya mini cewa tafinta kyauta da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ambata na wanda ake tuhuma da laifi ne, nawa kuwa bashi ne, don haka ban sa rai ba. Amma ta sa aka jingine mu, aka nemo wani ma'aikaci ɗan jihar Neja mai jin Hausa, haifaffen Minna, aka rantsar da shi.

Da na ji an ce, "Alhaji, faɗi abin da ya haɗa ku," sai harshena ya saku. Na kawo ranaku, na kawo lodi, har direban da ya sauke kayan.

Lauyan ya bari na gama tsaf, sannan ya miƙe ya gyara kwat ya ce, ina rasit? Tafinta ya juyo da tambayar. Na sa hannu a aljihu na taɓa ɗan littafin da nake rubuta bashi da ajami, wanda ban san ko akwai mai iya karanta shi a ɗakin ba, ga kuma wayata mai saƙon murya bakwai na WhatsApp da mutumin ya manta ya taɓa turowa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.