Inda na kai da lambar 4,294,967,297

'Yan'uwa masu koyon lissafi, barkanmu da ƙoƙari. Ga rahoton inda na kwana a kan lambar nan mai alƙaluma goma da na sa a gaba.

Na fara da gwaje-gwajen da kowa ya sani. Mara ce, tunda ta ƙare da 7, don haka 2 da 5 sun fita. Jimlar alƙalumanta 59, wato 3 ma ba ta raba ta. Asalinta kuwa, in ka jera 2 sau 32 ka ninka su, ka ƙara 1, ita ce. Tana cikin dangin lambobin Fermat, masanin nan na Faransa da ya ce a 1640 duk 'yan wannan gida firam ne, ba mai raba su sai 1 da su kansu. Yana da dalili, don 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk haka suke. Sai a 1732 masanin lissafi Euler ya nuna cewa ta shidan, wato lambar tamu, tana rabuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda za a kamo mai raba ta da biro da takarda. In za a bi firam ɗaya bayan ɗaya har zuwa 65,536 (lambar da in an ninka ta da kanta ake kusan samun tamu), guda 6,542 ke jiran mutum. Amma Euler ya tabbatar cewa duk firam ɗin da zai raba ta dole ya zama ninkin 64 da ɗoriyar 1. Nan take taron ya watse, aka bar 193, 257, 449, 577, 641 a sahun gaba.

Kada ku tsaya doguwar rabawa. Ku dubi 193: jeren 2 guda takwas in an ninka su 256 ne, a raba da 193, saura 63. Ninka 63 da kanta, 3,969, saura 109. Ninka 109 da kanta, 11,881, saura 108, ka kai jeren 2 guda 32 ke nan. Ƙara 1, ka ga 193 ba ta shiga ba. Layi uku kacal! Wannan dabara ta riƙe saura kaɗai, a ganina, ta fi amsar kanta daraja, kuma ina roƙonku ku gwada ta da hannu kafin ku taɓa kalkuleta.

Da na iso 641, saura ya zama sifili. Na tabbatar ta hanyar ninkawa: 641 sau 6,700,000 ya ba da 4,294,700,000, ragowar 267,297 kuma daidai take da 641 sau 417. Ke nan lambarmu 641 ce sau 6,700,417.

Yanzu aikin da ke gabana shi ne in gani da idona cewa 6,700,417 firam ce, kamar yadda aka sani. Gwajin bai wuce 2,588 ba, tunda 2,589 sau kanta ta zarce lambar, kuma masanin lissafi Lucas ya nuna a 1878 cewa ninkin 128 da ɗoriyar 1 kaɗai za a duba. Wanda ke da sarari a cikinku ya ɗauki na sama da 1,300, ni in ɗauki na ƙasa, mu haɗa sakamako.