Kafin ka kama haya kusa da filin ƙwallo a Ingila

Sabon zuwa Ingila in yana neman ɗaki, tambayoyinsa ga dillali ba sa wuce uku: nawa ne a wata, akwai tashar jirgi kusa, akwai masallaci da shagon naman halal a unguwar. Ta huɗun ba a cika tunawa da ita ba sai an riga an biya kuɗin ajiya: wane filin ƙwallo ne a kusa, mutum nawa yake ci, kuma ta ina suke watsewa idan an tashi. Filayen manyan kulob da yawa a nan ba a gefen gari suke ba irin filin ƙasa na Abuja. Sun fi kama da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, a tsakiyar jama'a, gidajen mutane jere har jikin katanga.

Yawancinsu an kafa su ne tun ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da ma'aikatan masana'antu ke tashi aiki da tsakar ranar Asabar su taka da ƙafa zuwa kallo. Newcastle tana St James' Park tun 1892. Yau filin yana ɗaukar kimanin mutum 52,000, kuma daga babbar tashar jirgin ƙasa ta garin tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce. Abin ya sauya ne bayan turmutsutsun filin Hillsborough da ke Sheffield a 1989, wanda ya ci rayuka 97. Rahoton binciken da alƙali Taylor ya yi kan lamarin, wanda ya fito a 1990, ya sa aka tilasta wa manyan kulob sa kujeru ko'ina, a daina kallo a tsaye. Kujera ta fi tsayuwa cin wuri, tsofaffin filayen kuma ba inda za su faɗaɗa, don haka wasu suka sayar suka fita bayan gari inda fili ke da araha. Bolton ta koma Horwich, gefen babbar hanyar M61, a 1997. Reading ta koma gefen M4 a 1998. Wasu suka ƙi yin nisa: Arsenal ta ɗan matsa ne kawai daga tsohon filinta na Highbury a 2006, Tottenham kuwa a wurin tsohon filinta ta gina sabo, aka buɗe a 2019.

Turawa har yau suna jayayya kan wanne ya fi. A wajen baƙon da ba shi da mota, kuma wanda aikinsa na sauyin lokaci ne, na cikin gari ya fi, amma da sharaɗin kada ƙofar gidanka ta zama hanyar 'yan kallo.

Fara da lissafin kwanaki. Kulob ɗin Firimiya yana wasa 19 a gida a kowace kaka, daga Agusta zuwa Mayu. Ƙara wasannin kofi, da na Turai in kulob ɗin ya samu shiga, waɗanda ake yi daren Talata zuwa Alhamis, galibi ƙarfe takwas. In an rufe kaka sai mawaƙa su karɓi filin, Tottenham kuma har ƙwallon Amurka take karɓa. Jadawalin da aka fitar a watan Yuni ba abin dogaro ba ne, domin gidajen talabijin suna ɗage wasan Asabar ƙarfe uku su mayar da shi sha biyu da rabi, ko biyar da rabi, ko Lahadi, ko daren Litinin. Shafin kulob da na ƙaramar hukuma su ne ke ɗauke da ranar gaskiya. Duba su duk mako kafin ka amsa wa wurin aiki.

Ranar wasa 'yan sanda suna rufe titunan da ke kewaye da filin tun kafin a take leda, su sake rufewa in an kusa tashi har sai jama'a ta ragu. Bas-bas sukan canza hanya, tashar da ka saba tsayawa sai ka tarar da takarda a manne cewa ba a tsayawa yau. Jirgi ma haka. A unguwar Arsenal ana rufe tashar Drayton Park duk da ita ce a bakin filin, ana kuma taƙaita shiga Holloway Road saboda ba za ta iya ɗaukar taron ba, sai a tura mutane Finsbury Park da Highbury & Islington, inda ake layi a waje ana sakin su rukuni-rukuni. Wanda ke aikin kula da tsofaffi, aka rubuta masa ƙarfe shida a gidan wani, wasa kuma ya tashi biyar saura, to ya fita tun ana hutun rabin lokaci. Mai gidan aiki ba ya karɓar ƙwallo a matsayin uzuri, tun da ranar a sane take. Masu zuwa masallacin Finsbury Park su ma sun san wannan, don titin St Thomas's da masallacin yake a kansa na cikin hanyoyin da magoya baya ke bi. In azumi ya haɗu da wasan dare, mai zuwa tarawihi da iyali ya yi sammako.

Inda aka fi cin kuɗin sababbin zuwa shi ne ajiye mota. Titin da kake fakin kyauta da yamma ko ranar Lahadi yana iya zama na masu takardar izini kaɗai ranar wasa. Akwai allo a bakin shiga unguwa da ke nuna ranar wasa mai zuwa, ƙaramin allon gefen titi kuma yana da layi na biyu da ya shafi waɗannan ranaku. Mutane suna karanta layin sama su wuce. Tarar a wajen Landan fam 70 ce ko 50 gwargwadon laifin, a Landan ta fi haka sosai, ana rage rabi in an biya cikin kwana 14. Izinin mazauna daga ƙaramar hukuma ake nema, da shaidar adireshi da takardun motar, kuma wasu sababbin benaye an gina su ne da sharaɗin mazaunansu ba za su samu izinin titi ba. Tambayi wannan kafin ka sa hannu. In za ka yi suna ko walima, baƙinka suna buƙatar takardar baƙi, ko ka kauce wa ranar gaba ɗaya.

Filin bayan gari ba ya damun barcin kowa, wannan gaskiya ne. Matsalarsa tana bayyana ga mai neman na cefane a can. Filaye suna ɗaukar ma'aikatan wucin gadi da yawa: masu rigar sheƙi da ke nuna wa mutane kujera da lura da ƙofofi, masu sayar da abinci, masu shara bayan an tashi. Ana kiran ma'aikaci awa biyu zuwa uku kafin wasa, ba a sallame shi sai filin ya zama wayam. Ɗauka awa biyar ce. A mafi ƙarancin albashi na Afrilun 2025, fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama, ka tashi da fam 61 da 'yan kwabbai. Wasan ƙarfe takwas yana ƙarewa wajen goma saura, kai kuma sai sha ɗaya ta gabato. Bas na musamman da aka tanadar wa 'yan kallo ya riga ya tafi, na yau da kullum ya yi ƙaranci a wannan lokaci. In tasi ta ci fam 20, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. A Newcastle, inda filin ke kusa da babbar tasha, da ƙafa za ka taka ka hau abin da zai kai ka gida.

Ba duk na bayan gari ne haka ba. Filin Brighton da aka buɗe a Falmer a 2011 yana da tashar jirgi a ƙofarsa, kulob ɗin kuma ya yi shekaru yana haɗa kuɗin bas da jirgi na yankin cikin tikitin wasa. Wato abin aunawa ba nisa daga tsakiyar gari ba ne, yawan jiragen da ke tsayawa ne da lokacin na ƙarshe.

Masu shago su lura da abin da ya faru a Green Street, gabashin Landan. West Ham ta bar Upton Park a 2016 ta koma Stratford, aka rushe filin aka gina gidaje, wuraren cin abincin da ke dogaro da cinikin Asabar suka ji a jikinsu. Everton ma ta bar Goodison Park a 2025 zuwa bakin ruwan Liverpool. Duk wanda zai karɓi hayar shago ta shekaru saboda filin da ke kusa ya fara binciken ko kulob ɗin yana shirin ƙaura.

Aikin kansa yana da tarko. Za a nemi lambar da ke tabbatar da izininka na aiki. Ɗalibin digiri mai biza awa 20 ce iyakarsa a mako lokacin karatu, kuma jimillar duk ayyukansa ake ƙirgawa, ba kowanne daban ba; ba a kuma yarda ya yi sana'ar kansa ba. Aikin tsaro na caje mutane yana buƙatar lasisin SIA, hukumar da ke ba masu aikin tsaro lasisi, na nuna kujera kuwa kamfanin ne ke horar da kai. Kantunan cikin fili suna sayar da giya, wanda ba ya son taɓa ta ya faɗa tun ranar ganawa ya nemi ɓangaren ƙofofi. Kasa gyale ko tsire a bakin titi sai da izinin ƙaramar hukuma. Sayar da tikitin ƙwallo ga wani ba da amincewar kulob ba laifi ne tun dokar 1994, ko da a waya aka yi cinikin, kuma ba irin abin da mai jiran sabunta biza zai so a gani a takardunsa ba ne.

Dillali kullum ranar Talata da hantsi yake kai mutum duba gida, unguwa tsit. Koma da kanka ranar wasa, awa ɗaya kafin a fara, ka tsaya a ƙofar. Duba ko titin yana tsakanin tasha da fili, ko akwai mashaya a kusurwa, ko tagar ɗakin kwanan tana kallon titi, musamman in ɗakin ƙasa ne kuma aikin dare kake yi kana barci da rana. Tafiyar minti ashirin zuwa ashirin da biyar daga filin yawanci ta isa ta fitar da kai daga titunan da ake rufewa, ko da ba ta fitar da kai daga dokar fakin ba. Sannan duba taswirar jirgi: in tasharka tana gaban ta filin a hanyarka ta zuwa aiki, jirgin zai iso maka a cike bayan an tashi wasa, in tana bayanta kai ne za ka riga 'yan kallo samun wurin zama.