Godiya ga waɗanda suka shiga rami tare da ni

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Talatar da ta wuce mai duba gine-gine na birnin Greensboro da ke Amurka ya zo ya sa hannu na ƙarshe, ramin ƙarƙashin gidanmu ya zama ɗaki a hukumance. Shekara guda da 'yan watanni muka yi muna fama. Bakina ba zai iya bin kowa gida gida ba, shi ya sa na zo nan.

'Yan uwa na gida da ke ta tambayata a waya wai wane irin haƙa ne ba ya ƙarewa, bari in ɗan yi muku bayani. Gidaje da yawa a nan Karolina ta Arewa ba a kan ƙasa dabensu yake ba. Ana ɗora shi ne a kan gajeren bangon bulo, sai a bar wani kogo a ƙasa inda bututun ruwa da wayoyin wuta ke bi. Namu tsayinsa ƙafa 3 ne, sai da rarrafe ake shiga. Ranar da na fara leƙa shi da tocila a baki, yanar gizo-gizo a fuska, warin danshi kamar tsohon rumbu, ban ga ɗaki ba. Uwargida ce ta gani. Ita ta ce Inna za ta zo, yara sun girma, kuɗin sayen babban gida kuwa babu, me zai hana mu nemi faɗi ta ƙasa?

Godiyata ta farko ga Baba Alhaji, dattijonmu na masallaci, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana haƙar rijiya a ƙasar Damagaram. Laifina ne, kuma na amsa: tun kafin injiniya ya zo na fara sara da diga a gindin bango, wai ina rage aiki. Baba ya zo dubiya ranar Asabar, ya durƙusa a bakin ƙofar kogon, ya ɗebi jar ƙasar ya murza a tafin hannunsa har ta zama kamar igiya. Ya ce, "Ɗana, wannan yumɓu ne. Yau yana tsaye kamar dutse, ranar da ya sha ruwa zai sulale ya bar bangonka a iska. Fito." Na fito ina ƙunƙuni a zuci. Bayan mako biyu injiniya ya zo da takardunsa ya faɗi magana iri ɗaya, sai dai shi an biya shi.

Shi ma injiniyan ina gode masa, don ya yi haƙuri da tambayoyina. Shi ya zana yadda za a zurfafa harsashin ginin: ba a tone ƙarƙashin bango gaba ɗaya, ana yanka shi ne gaɓa gaɓa, kowace ba ta wuce ƙafa 4 ba. A haƙa ɗaya a tsallake biyu, a ɗaure rodi, a zuba kankare, a bar shi ya kama, a cusa busasshen kwaɓin siminti a tsakanin sabon harsashi da tsohon har ya matse, sannan a koma ta kusa da ita. Haka gidan yake tsaye a kan kashi biyu cikin uku na ƙafafunsa a kowane lokaci. Aikin yana cin rai, amma duk wanda ya ce maka akwai hanyar ratse, kada ka ba shi digarka. Shi ne kuma ya tura ni neman takardar izinin gini, ya ce in kira lamba 811, ta masu nuna inda bututu da wayoyi suke binne, kwana uku na aiki kafin a taɓa ƙasar waje. Suka zo suka kafa 'yan tutoci, ruwan ɗorawa na gas, shuɗi na ruwa, ja na wuta. Bututun gas ɗin yana daidai inda na so a buɗe ƙofar fitar da ƙasa.

Birkilan farko da na ɗauka ya karɓi kafin alƙalami ya daina ɗaga waya. Na bar shi da Allah. Na biyun, wanda maƙwabci ya haɗa mu, shi da yaransa uku suka yi duk aikin harsashin, ko sau ɗaya ban ji sun ɗaga murya ba.

Sai matasanmu. Wallahi ban san akwai sauran gayya a Amurka ba sai da na gani. Liman ya yi sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a, washegari mutum goma sha ɗaya suka tsaya a ƙofata, 'yan Maraɗi da 'yan Katsina da 'yan zangon Kumasi, wasu daga aikin dare suka zarce ko gida ba su je ba. Makonnin farko ba a miƙewa. A gwiwa ake sara, a cika bokiti, a tura wa na gaba, shi ma ya tura, har ya kai bakin ƙofa inda baro ke jira. Sai da ramin ya kai ƙirji muka samu hayar bel mai jan ƙasa. Tifa 12 aka kwashe daga ƙarƙashin rabin gida kawai. Ƙanena, kai da ka yi wata biyu da kanta a hannu ba ka faɗa wa kowa ba, na gani. Allah ya ba ka mace tagari.

Daren da ba zan manta ba shi ne na ruwan guguwar Debby, a watan Agusta na 2024. Gaɓa biyu suna buɗe, ba a zuba musu kankare ba, injin tsotse ruwa kuwa yana cikin kwalinsa don na ce sai an gama. Wajen ƙarfe biyu na dare uwargida ta tashe ni ta ce ƙofar kicin ta ƙi rufuwa. Na haska ƙasa na ga ruwa ja har ƙauri, gefen ramin yana ɓantarewa kaɗan kaɗan yana faɗawa ciki, daidai yadda Baba ya faɗa. Muka kwashe yara zuwa mota. Maƙwabcina, tsohon Bature mai ritaya wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya ga fitila ya fito da rigar ruwa, ya jawo nasa injin da dogon tiyo. Birkila ya iso kafin asuba da katakai da jak ya tokare bangon. Tsagar da ta fito a saman ƙofar kicin tana nan, na hana a shafe ta tukuna.

Bayan wannan na daina gardama. Aka shimfiɗa bututu mai huji kewaye da bango ya zube a rijiyar injin, aka zuba tsakuwa, aka rufe da leda mai kauri, sannan daben kankare inci 4. Doka ta ce ɗakin zama kada rufinsa ya gaza ƙafa 7, mun samu da ɗan rara. Tunda ɗakin kwana ne, dole a yi tagar tsira wadda babba zai iya fita ta ciki in gobara ta tashi, kuma kada bakinta ya fi inci 44 daga dabe. Mun kuma gwada iskar radon, wadda ke tasowa daga ƙasa ba launi ba wari, tana kuma jawo kansar huhu. Hukumar muhalli ta Amurka ta ce in awo ya kai 4 a ɗauki mataki. Namu bai kai ba, amma an bar bututunta a ƙarƙashin dabe ko da gaba.

Iyayenmu mata da suka riƙa aiko da tuwo da miyar kuka da kunun gyaɗa kowace Asabar, har ma'aikatan birkila suka koyi cewa "ƙari", Allah ya saka muku da Aljanna. Uwargida, ke da kika share jar ƙura shekara guda, kika wanke kayan da ba sa fita, ba ni da abin biyanki. Inna ta kwana a ɗakin jiya, ta ce sanyinsa irin na ɗakin soro ne.

Za mu yi 'yar walima ranar Lahadi bayan la'asar, kowa ya zo da iyalinsa. Akwai kuma shebur biyu da diga ɗaya da baro mai koren hannu a garejina, ban san masu su ba. Mai shi ya zo ya ɗauka, an wanke.