Wa ya taɓa kuɗin Hajiya?

Wata Hajiya mai sayar da albasa a babbar kasuwar Garwa ta shigo ofishinmu na ajiya da lamuni, littafinta a hannu. Littafi ya ce sefa 340,000, kwamfuta ta ce 290,000. Manaja ya juyo gare ni, tunda ni ke kula da kwamfutocin ofis: "Malam, wa ya taɓa?" Na buɗe rumbun bayanai, ga adadi ƙuru-ƙuru, amma babu sawun hannun da ya canza shi. Mu biyar da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya muke shiga. Yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanta ta kwana uku tana kuka, ni kuwa ba ni da hujjar wanke ta. Har yau abin yana ci mini rai.

Sai da na fara ba kowa sunansa na shiga, sannan na nemi kayan bin sawu. Da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL muke aiki, don haka na ɗora mata pgAudit mai rubuta wanda ya yi me a cikinta, kyauta ne. Masu rumbun MariaDB ma suna da nasu kyauta, na MySQL Enterprise kuwa sai an biya lasisi.

Da farko na sa shi ya rubuta komai, har da duba asusu kawai. Kafin wata ya ƙare faifan ajiyar kwamfuta ya cika. Yanzu canji, gogewa da ba da izini yake kamawa. Kuma pgAudit umarnin da aka bayar yake rubutawa, ba ya faɗin adadin da ke wurin a da. Dole na kafa tiriga, wato umarnin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka yi canji, a teburin ajiya na rumbun, tana adana tsohon adadi da sabo.

Abin da ya fi damuna ni ne kaina. Kundin sawun yana kan sabar, wato babbar kwamfutar ofis, wadda makullinta ke hannuna, in na ga dama zan goge shi. Wa zai yarda da irin wannan shaida? Na sa rsyslog, wani tsarin aika kundi, yana tura kowane layi nan take zuwa wata kwamfuta a ofishin mai binciken kuɗi, na roƙe shi kada ya taɓa ba ni kalmar sirrinta.

Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta ce a adana takardun lissafi shekara 10, masu binciken COBAC, hukumar sa ido kan bankuna ta Afirka ta Tsakiya, kuma suna iya zuwa, shi ya sa duk ƙarshen wata muke kwafe kundin mu kulle a sef. Saura agogo: batirin agogon sabar ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya rikice. Jiya na sauya shi, na haɗa injinan biyu da NTP, tsarin da ke daidaita agogon kwamfutoci.