Abin da ke ɓacewa idan aka mayar da wasan bidiyo fim

Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kan finafinan da ake ɗaukowa daga wasannin bidiyo, amma abin da ya sa na zauna na rubuta shi ne kallon da na yi wa fim ɗin Minecraft, wanda ya fito a watan Afrilun 2025. Ɗakin sinimar ya cika da yara da matasa, kuma duk lokacin da jarumin fim ɗin, Jack Black, ya ambaci sunan wani abu da suka sani a cikin wasan, sai wurin ya kaure da ihu da tafi, har wasu na maimaita kalmomin tare da shi. Na ji daɗin ganin murnarsu ƙwarai, domin abu ne mai kyau ka ga mutane sun taru suna farin ciki da abin da suke ƙauna. Sai dai bayan na fito na yi ƙoƙarin tuna labarin fim ɗin, sai na tarar babu wani abin kirki da ya zauna mini a rai. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 900 a faɗin duniya, amma ni a ganina ba labari mutane suka biya suka kalla ba, sun biya ne don su sake haɗuwa da abin da suka riga suka sani.

Wanda ya san tarihin irin waɗannan finafinai zai yi mamakin yadda al'amarin ya juya. A 1993 an fitar da fim ɗin Super Mario Bros. na farko, inda Bob Hoskins ya fito a matsayin Mario, aka ɗauki duniyar wasan mai haske da launuka aka mayar da ita wani birni mai duhu da ƙazanta wanda babu mai wasan da zai iya gane shi. Fim ɗin bai ko mayar da kuɗin da aka kashe masa ba, kuma kamfanin Nintendo, wanda ya mallaki wasan, ya shafe kusan shekara talatin bai sake miƙa Mario ga masu shirya fim na Amurka ba. Da ya dawo a 2023, sai ya dawo da sharaɗinsa: Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, yana cikin masu shirya fim ɗin tare da kamfanin Illumination, aka yi shi a matsayin katun, kuma ya tara fiye da dala biliyan 1.3. Tsakanin waɗannan biyun akwai labarin Sonic, jarumin wani wasan bidiyo mai siffar bushiya, wanda tallan fim ɗinsa na farko ya fito a 2019 da wata bushiya mai haƙora irin na mutum, masoya wasan suka yi ca a intanet har aka ɗage fitar da fim ɗin zuwa Fabrairun 2020 don a sake zana ta. Darasin da kamfanoni suka ɗauka daga nan shi ne kada a saɓa wa masoya, kuma darasi ne mai kyau, amma ina ganin sun ɗauki rabinsa ne kawai.

Girmama kamannin wasa abu ne mai sauƙi idan akwai kuɗi da ƙwararrun masu zane. Abin da ke da wuya shi ne fahimtar dalilin da ya sa mutum yake zama awa ashirin ko hamsin a gaban wasa ɗaya bai gaji ba. A cikin wasa hannunka ne yake aiki. Idan Mario ya faɗa rami, kai ne ka yi kuskure, kai ne za ka ji haushi, kuma kai ne za ka sake gwadawa sau goma har ka tsallake, sannan daɗin da za ka ji bayan ka tsallake naka ne, domin da guminka ka same shi. Idan aka nuna wannan tsallen a fim, kowa ya san Mario zai dira lafiya, kuma babu abin da mai kallo zai iya yi ko ya kasa yi. An karɓe maka madannai an ce ka zauna ka kalli wani yana yin abin da kai ne ka saba yi. Masu shirya fim ɗin Doom na 2005 sun yi ƙoƙarin magance wannan ta hanyar ɗaukar wasu mintuna ta idon jarumin, bindiga a gaba kamar yadda take a wasan, amma abin da ya fito ya yi kama da zama kusa da abokinka yana wasa ya hana ka karɓa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne The Last of Us, kuma dole in faɗi yadda labarin ya ƙare, don haka wanda bai gani ba ya yi haƙuri. Wasan ya fito a 2013, kuma yana bin wani mutum mai suna Joel da ya rasa 'yarsa, aka ba shi amanar kai wata yarinya mai suna Ellie ga wasu likitoci, domin jikinta ne kaɗai ba ya kamuwa da annobar da ta halaka duniya. Bayan doguwar tafiya daga wannan gefe na Amurka zuwa wancan, sai Joel ya gane cewa aikin da za a yi mata don samo maganin zai kashe ta. Daga nan wasan ya sa ka ratsa asibitin da bindiga, har ka isa ɗakin tiyata inda likita yake tsaye a gabanka, kuma ba za ka wuce ba sai ka kawar da shi da hannunka. Na tuna na tsaya na ɗan lokaci a wannan wuri ina neman wata hanya, amma babu, kuma da na danna madannin na ji nauyin abin a ƙirjina kamar ni ne na aikata. A 2023 gidan talabijin na HBO ya mayar da wasan fim mai dogon zango, da Pedro Pascal da Bella Ramsey, kuma Neil Druckmann, wanda ya rubuta wasan, yana cikin masu tsara shi tare da Craig Mazin. Aiki ne mai kyau sosai, ba na musun wannan, kuma sun ɗauki fitowar asibitin da kulawa. Amma a fim ina kallon Joel ne ina yanke masa hukunci daga nesa, alhali a wasa ni da shi muka yi tarayya a laifin. Wannan tarayyar babu kyamarar da za ta iya ɗaukar ta, kuma ba gazawar kowa ba ce, yanayin abubuwan biyu ne ya bambanta.

Saboda haka ni na fi yarda da waɗanda suka amince tun farko cewa ba za su iya kwafo wannan ba, suka nemi abin da fim ya fi wasa iyawa. Fallout da Amazon ya fitar a 2024 bai sake ba da labarin ko ɗaya daga cikin wasannin ba. Ya ɗauki duniyar ne, wato Amurka fiye da shekara ɗari biyu bayan yaƙin nukiliya, da gidajen ƙarƙashin ƙasa da mutane suka ɓuya a ciki, sannan ya kawo sabuwar jaruma mai suna Lucy wadda ta fito neman mahaifinta. Tun da babu mai wasan da ya taɓa riƙe Lucy a hannunsa, babu wanda zai ji an ƙwace masa wani abu, kuma marubutan sun sami 'yancin sa ta yin zaɓin da ya dace da halinta. Haka ma Arcane, wanda ya fito a Netflix a 2021 daga wasan League of Legends: wasan fafatawa ne tsakanin ƙungiyoyi biyu, ba shi da dogon labari a cikin bugawarsa, sai masu zane na kamfanin Fortiche da ke Faransa tare da marubutan suka gina labarin 'yan'uwa mata biyu da rayuwa ta raba, labarin da wanda bai taɓa ganin wasan ba zai bi har ya zubar da hawaye. Na lura cewa dukkan waɗannan masu dogon zango ne, kuma ban ɗauki wannan a matsayin dace kawai ba, domin duniyar da mutum ya saba yawo a cikinta na makonni ba ta shiga cikin awa biyu sai an matse ta.

Borderlands na 2024 kuwa ya tara manyan jarumai irin su Cate Blanchett da Kevin Hart, aka kashe masa sama da dala miliyan 100, amma bai samu ko rabin wannan ba, domin bai gamsar da masoya wasan ba kuma bai ba baƙo dalilin kulawa ba. Ba na son in daɗe a kansa.

Abin da ke damuna yanzu shi ne nasarar Mario da Minecraft za ta iya koya wa kamfanoni cewa labari ba dole ba ne, muddin an jera abubuwan da yara za su gane su yi ihu. Idan haka ta tabbata, za a ci gaba da samun kuɗi, amma za a riƙa fitar da finafinan da ba sa iya tsayawa da ƙafarsu, waɗanda daɗinsu aro ne daga wasan. Nintendo ya sanar cewa yana shirya fim ɗin The Legend of Zelda da mutane na gaske, Wes Ball ne zai ba da umarni, kuma ina jiran sa da ɗoki haɗe da fargaba. A cikin manyan wasannin Zelda jarumin, Link, kusan ba ya magana, an bar shi shiru ne da gangan don mai wasa ya cika gurbin da kansa. A fim kuwa dole wani marubuci ya sa masa kalmomi a baki, ya yanke shawarar wane irin mutum ne shi, abin da miliyoyin masu wasa suka riga suka yanke wa kansu, kowa da irin nasa, tun 1986. Ni dai na san Link ɗin da na yi shekaru ina yawo da shi a dazuzzuka da kogunan duwatsu, kuma a ranar da fim ɗin zai fito, jimlar farko da zai furta ita ce abin da zan fi kasa kunne in ji.