Godiya ga waɗanda suka zauna suka karanta min kod ɗin nan

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, mashin ɗin shagonmu, wato ordinata (kwamfuta), ya kwana goma sha biyu bai faɗi ba, shi ya sa na ce dole in fito in yi godiya a bainar jama'a.

Waɗanda suka san shagonmu a Yelwa nan Garwa sun san wahalar da muka sha tun watan Maris. Ordinata ɗin da ke riƙe da lissafin ƴan kasuwa, Linux ne a kai, da an ɗauke wuta an koma batir sai ya sandare, kanel, wato zuciyar Linux ɗin, ya yi panic, wato ya haɗu da kuskuren da ba zai iya ci gaba da aiki ba, allo ya tsaya cak kuma babu abin da ya bari da za a duba a gane dalili. Ni ne na rubuta ɗan direban, wato kod ɗin da ke karanta cajin batirin sola ta USB, da yaren C, don haka zuciyata tana gaya min laifin daga wajena yake amma na kasa ganin inda yake.

Na sa kdump, wanda yake cikin kanel tun 2005 a siga ta 2.6.13, aikinsa idan kanel ya mutu sai kexec ya tayar da wani kanel na biyu a wani yanki na memori da aka ware tun farko, shi kuma ya kwashe abin da ke cikin RAM ta /proc/vmcore ya ajiye a fayil. To nawa ko motsi ba ya yi.

Godiya ta farko ga Malam, wanda ya koyar da mu a Gaundare, ya yi ritaya amma da na kira shi bai ce min yana da uzuri ba. Ya ce in buga masa kod ɗin a takarda, haka ya zauna a tabarma bayan la'asar, tabarau a hanci, jan biro a hannu, zafin nan na Afrilu ga fanka ba wuta, yana bi layi layi. Ya kai wajen da na sa kod ɗina ya yi aiki lokacin panic kafin kdump, saboda na kunna saitin crash_kexec_post_notifiers, inda kod ɗin ke jiran wani CPU, wato ƙwaƙwalwar mashin, ya sake masa makullin da ke hana kod biyu taɓa abu ɗaya lokaci guda, sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan makullin da kake jira a nan, an riga an tsayar da sauran CPU, wa zai sake maka shi?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe ni ne na tare wa kanel na biyu hanya da hannuna.

Sai ƙanwata da ke aiki a Njamena, ita ta lura 64M na memori da na ware wa kanel na biyu a saitin crashkernel ya yi kaɗan, ta ce in kai shi 256M in gwada da echo c a sysrq-trigger, wato umarnin da ke kashe kanel da gangan. Ranar da na ga mashin ya mutu ya tashi ya bar vmcore sai da na yi sujudar godiya. Da muka buɗe shi da manhajar crash muka buga umarnin bt mai nuna inda kanel ya mutu, ga shi ƙarara, direbana yana taɓa memorin da ya riga ya saki a duk lokacin da USB ɗin ya katse. Layi huɗu kacal muka gyara.

Yaran shago da suka yi ta rubuta lissafi a littafi da hannu wata biyu ba ƙorafi, Allah ya yi muku albarka. Alhazai ƴan kasuwa da suka yi haƙuri da mu, na gode. Uwargida da ta yi ta kawo min shayi tsakar dare, ke kin san sauran.

Malam, useko, wato na gode da Fulatanci, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Takardun nan masu jan biro suna nan na adana su, kuma ranar Juma'a in sha Allah zan zo gida gaisuwa bayan masallaci.