Atisayen hunturu a Yamai: ga inda na kai

Ƴan uwa masu koyon gasar ninƙaya, keke da gudu, barkanmu da sanyi. Tunda babu gasa a gabanmu, na ajiye agogo na karkata ga ruwa, don a nan ne yawancinmu muke da rauni. A tsarin Olamfik mita 1,500 ake ninƙaya, sannan kilomita 40 a keke, 10 a ƙafa. Wanda ya fito daga ruwa yana haki, bashi zai yi ta biya har ƙarshen gudu.

Numfashi nake gyarawa. Fuska na cikin ruwa nake sakin iska ta hanci a hankali, kumfa na tashi, sai in juya kai gefe in shaƙa, ido ɗaya bai bar ruwa ba. Da zarar ka ɗaga kai sama, ƙafafu sun nutse, ka koma jan jiki. Yanzu ina kai bangon pisin, wato wurin ninƙaya da aka gina, in juyo ba tare da na kama bakinsa ina huci ba, kuma hannun hagu ya daina tsallake tsakiyar jiki in na miƙa shi gaba. Ruwan pisin da safe ba ya taɓuwa a Janairu, sai bayan azahar nake shiga.

Kogi kuwa, ku ƙyale shi. A hunturu ne ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ke isowa, ku leƙa daga gadar Kennedy ku ga yadda yake gudu. Ga dorina, ga tsargiya.

Keke ya fi son dabara. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, shi ya sa nake fara fuskantarta ta hanyar Filinge, ba na yin nisa da gari, in dawo tana tura ni. Ƙura da mai in suka haɗu cinye sarƙa suke yi, don haka ku goge da tsumma bayan kowace fita, man kuma ɗigo kaɗan. Ranar da hazo ya rufe rana, a gida nake zama in yi tsugunne-tashi da motsa ƙugu.

Gudu a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai. Matasan da ke wuce ni a kewayen filin wasa na Seyni Kountché suna ta dariya, su sha kuruminsu. Haɗa keke da gudu a jere sai Maris, shi ma da asuba, kafin zafin Afrilu ya haura digiri 40.